Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe da Ragamar Ƙwallon Ƙafa Kan Waɗanda Suka Zo a Makare

Zuwa ga shugabannin hukumomin ƙwallon ƙafa, da masu kulob-kulob, da kociyoyi.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri.

Bayan haka, na rubuto ne kan wasu mutane da tsarinku ya manta da su. Ina nufin saurayi ko magidanci da ya kai shekara 19, ko 24, ko ma 33, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya mai rajista ba, sai yanzu Allah ya sa masa son buga ƙwallo ta tsari, wadda ake yi da koci da alƙalin wasa da jadawali da teburin maki. Wani karatu ne ya riƙe shi, wani neman abin da za a ci a gida, wani iyaye ne suka hana, wani kuwa inda ya tashi babu ƙungiyar da zai shiga ko da yana so. Ni kocin wata ƙaramar ƙungiyar 'yan dagaji ne, aikin sa kai nake yi, kuma irin waɗannan mutane ba sa yanke mini. Tambayarsu ba ta sauyawa: "Koci, tsakani da Allah, na makara?"

Na san amsar da kuke bayarwa, don an sha ba ni ita: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na musun wannan magana, ban kuma zo yi wa kowa romon baka ba. Wanda ya fara atisaye na tsari yana ɗan shekara 8 ya yi wa wanda ya fara yana 22 nisa, kuma yawancin nisan a kai yake, ba a ƙafa ba. Ku zo ku tsaya bakin fili ranar da sabon mutum ya fara atisaye da mu. Sau da yawa ya fi kowa iya yanka. Zai karɓi ƙwallo ya wuce mutum biyu, ya zura wa na uku ita ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo su ɗauki shewa. Amma ku lura da kansa kafin ƙwallon ta iso: a sunkuye yake, bai waiga hagu ba, bai waiga dama ba, bai san wa ke bayansa ba. Yaron da ya fito daga makarantar horo kan waiga sau biyu ko uku kafin a miƙo masa, ya riga ya san inda zai kai ta tun ba ta zo ba. Shi kuwa namu sai ta taɓa ƙafarsa sannan zai fara tunani. Da ta bar wurinsa sai ya tsaya kallo, shi a ganinsa ya gama nasa aikin. Za a yi ta kama shi da satar gida, yana ta rantse-rantse cewa alƙali ne ba ya son sa. Da an kai minti na 60 sai ka gan shi dafe da gwiwa yana haki, ko jijiyar sharaɓa ta ɗaure ya zube ƙasa.

Duk wannan haka yake. Amma ku sake duba abubuwan da na lissafa, babu wanda ba a koyo. Waiwaye ana koyon sa, tsayuwa a layi ana koyon ta, juriya kuma 'yan watanni ke gina ta. Abin da ya gagara shi ne wurin koyon. Makarantun horo na yara ne, gasannin matasa an yanke musu shekaru, manyan ƙungiyoyi kuma gogagge suke nema. Wanda ya faɗo tsakani ba shi da inda zai dosa sai filin unguwa, inda za a yi ta bugawa har duhu ya raba, ba mai gyara wa wani, ba kuma mai rubuta ko wa ya ci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ku ɗin nan masu cewa an makara, ku kuka fi kowa son ba da labarin waɗanda suka yi fice a makare. Da wuya a tara matasa a yi musu jawabi ba a kawo Jamie Vardy ba. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels, can ƙasa a mataki na takwas na ƙwallon Ingila, ana ba shi fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'antar da ke ƙera kayan tallafa wa gaɓoɓin marasa lafiya. A 2010 ya tafi Halifax, a 2011 Fleetwood, a 2012 Leicester ta saye shi fam miliyan 1 yana da shekara 25. Bai buga Firimiya ba sai da ya kai 27. Daga nan ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere a 2015, ya ɗauki kofin Firimiya a 2016, ya karɓi takalmin zinare a 2020 yana da shekara 33. Ana gama wannan sai a ɗora da Ian Wright, wanda bai samu kwantiragin ƙwararru ba sai 1985, yana dab da cika 22, lokacin da Crystal Palace ta ɗauko shi daga cikin 'yan dagaji, ya zo ya ci wa Arsenal ƙwallo 185. Sai Miroslav Klose, da ya koyi aikin kafinta yana buga wa ƙungiyar ƙauye a Jamus har ya kai shekara 20, a 2014 kuma ya cike ƙwallo 16 a Kofin Duniya ya wuce Ronaldo na Brazil. Sai a rufe da cewa, "Kun gani ko, in ka dage za ka kai." A yi tafi, kowa ya kama gabansa.

Ranku ya daɗe, darasin da ke cikin waɗannan labarai naku ne kafin ya zama na matasa. Babu ɗaya cikin mutanen nan da aka tsinto a titi yana buga ƙwallo shi kaɗai. Kowannensu yana cikin ƙungiya, a gasa mai jadawali, yana buga wasa duk mako a gaban alƙali, ana rubuta sakamako. Da Vardy ya ci ƙwallo 31 a lig cikin kaka ɗaya a Fleetwood, ba abokansa ne ke yaɗa zancen da baki ba. A rubuce yake, duk mai farautar 'yan wasa zai iya dubawa, ya taso da kansa ya zauna ya kalla. Ingila ta ɗinke gasanninta tun daga ƙungiyar ƙauye har Firimiya, ta yadda wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta za ta hau na sama, wadda ta zo ta ƙarshe ta sauka. Kofin FA kuwa ƙungiyoyi sama da 700 ke shiga, manya da ƙanana a gasa guda. Saboda haka mai shekara 23 da ke mataki na takwas yana iya ɗaga kai ya hango na bakwai, na bakwai ya hango na shida. Dagewar Vardy gaskiya ce. Amma da a inda babu matakan nan ya dage, da yanzu ana can ana ba da labarinsa a matsayin wani gwani da aka taɓa yi a unguwa, wanda bai yi sa'a ba.

Labarin da ya fi kama da na mutanen da nake magana a kansu shi ne na Junior Messias. Ɗan Brazil ne da ya isa Italiya yana da kimanin shekara 20, ya zauna a Turin yana aikin kai wa mutane firji da sauran kayan wuta gidajensu. Ƙwallon da yake bugawa ta nishaɗi ce, a wata ƙungiyar baƙi 'yan ci-rani, a gasar 'yan dagaji. Sai dai gasa ce ta gaske, mai fili da alƙali da ranar wasa, shi ya sa wani tsohon ɗan wasan Torino, Ezio Rossi, ya samu inda zai tsaya ya gan shi. A 2015 ya kai shi Casale, a mataki na biyar, yana da shekara 24. Bai buga Serie A ba sai yana 29, tare da Crotone. A Nuwamban 2021 ya ci wa AC Milan ƙwallo a ragar Atletico Madrid a Gasar Zakarun Turai, a 2022 kuma suka ɗauki kofin Serie A. Ku cire gasar 'yan dagajin nan daga labarin ku ga abin da zai rage.

Akwai kuma abin da masu jawabi ke tsallakewa. Makara wajen zama ƙwararre daban, makara wajen shiga ƙwallo ta tsari daban. Kusan duk waɗanda ake kafa misali da su sun ɗan taɓa horo tun suna yara, hanya ce kawai ta yi musu nisa. Didier Drogba bai sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba sai yana 21, a Le Mans, kuma da yake bai bi ta makarantar horo mai atisayen kullum ba, rauni ya yi ta cinye masa shekarunsa na farko, don jiki bai saba ba. Wannan fa Drogba ke nan, wanda ya tashi a gidan ɗan ƙwallo. To ina ga wanda bai taɓa atisaye ba sai yana 24? Gaskiyar magana, damarsa ta cin abinci da ƙwallo a babban mataki ƙarama ce ƙwarai, kuma duk wanda ya ce masa ba haka ba ne, wani abu yake hange a aljihunsa. Ni ban zo roƙon ku ba shi kwantiragi ba. Roƙona ku ba shi wurin da zai gwada kansa ya ga iyakarsa da idonsa, a daina yanke masa hukunci da takardar haihuwa.

Dalilin da ya sa ba mai damuwa da su yana cikin dokokin kuɗi. A tsarin FIFA, idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ana biyan ƙungiyoyin da suka rene shi diyyar horo. Shekarun da ake lissafawa daga 12 ne zuwa 21, kuma haƙƙin yana faɗuwa da ƙarewar shekarar da ya cika 23. Akwai kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi zuwa wata ƙasa, da ake raba wa ƙungiyoyin da ya zauna cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Niyyar dokar mai kyau ce, an yi ta don kada manya su riƙa kwashe yaran ƙananan ƙungiyoyi a banza. Amma ku dubi abin da ta haifar. Yaro ɗan shekara 13 jari ne, ko bayan shekara goma aka sayar da shi ƙungiyarsa ta farko za ta ga wani abu. Mai shekara 24 kuwa, ƙungiyar 'yan dagaji za ta koya masa waiwaye, ta gyara masa tsayuwa, ta yi jinyar targaɗensa, ranar da ya goge wani kulob ya ɗauke shi ba abin da za ta gani sai godiya, in ma an yi godiyar. Ba shi da kwantiragi da ita, shekarunsa kuma sun fita daga lissafi. Mai kulob ba sadaka ya fito yi ba, inda doka ta nuna masa riba can zai nufa. Ku da ke da ikon tsara dokokin cikin gida, me zai hana ku ware wani ɗan kaso ga ƙungiyar da ta fito da babba, ko shekararsa nawa?

Daga nan ne rage shekaru ke samun kasuwa. Mai shekara 23 da ya iya ƙwallo, ya je nan an ce ya tsufa, ya je can an ce 'yan ƙasa da 18 ake nema, ba zai daɗe ba zai haɗu da mai raɗa masa a kunne: a sake takarda, a zubar da shekara biyar, a aske gemu. Sai ya koma yana gogayya da yara na gaskiya, ya danne su da ƙarfin ƙashi, ya cinye gurbin wani. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton na'urar MRI na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, don gano wanda ƙashinsa ya gama haɗewa. A Kamaru, bayan Samuel Eto'o ya hau shugabancin hukumar ƙwallo, an yi wa 'yan wasa 30 na tawagar 'yan ƙasa da 17 gwajin shekaru, 21 suka faɗi. An yi ta Allah wadai, ni ma ba na kare su. Ƙarya ƙarya ce, cutar da aka yi wa yaran da aka ture kuma ba ƙarama ba ce. Sai dai na'ura kama mutum kawai take yi, ba ta gaya masa inda zai je da shekarunsa na gaskiya. Kun kore shi daga gasar yara, kun yi daidai. To wace gasa kuka tanadar masa?

Sai 'yan damfara, su kaɗai ne ke karɓar mai makara hannu bibbiyu. Sun san yana ji a ransa lokaci na ƙure masa, sun san zai iya sayar da abin da ya mallaka. Za a tallata gwaji a Facebook ko WhatsApp, da tambarin wani babban kulob, a ce masu farauta za su zo daga waje. A karɓi kuɗin fom. Ranar gwaji a tara ɗaruruwan mutane a fili ɗaya, a raba musu riguna masu lamba, kowa ya samu minti 15 ko 20 tare da mutum goma da bai taɓa gani ba. Kowa na son nuna kansa, ba mai ba wani fasin. Ɗan wasan baya da ya iya karanta wasa sai lokacinsa ya ƙare bai taɓa ƙwallo sau uku ba. A gefe ga wani mai baƙin gilashi riƙe da takarda yana ta rubuce-rubuce. Da yamma a kira sunaye kaɗan, a ce su kawo kuɗin biza da na jirgi. Bayan mako biyu lambar waya ta daina shiga. Ko waɗanda suka riga suka shiga tsarin ba su tsira daga alkawarin banza ba. Edouard Mendy yana da shekara 22 wakilin da ya yi masa alkawarin kulob ya daina amsa masa, ya shekara guda ba ƙungiya, har ya yi rajista a ofishin marasa aikin yi a Faransa. Wannan golan ne ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2021, da na Afirka da Senegal a 2022. In haka ta faru da shi, wanda bai san kowa ba sai dai Allah ya kiyaye.

Abin takaici, dokar tana nan. FIFA ta dawo da jarrabawa da lasisin wakilan 'yan wasa a 2023, kuma ana iya duba sunan mai lasisi. Dokokinta na gwaji sun ce a yi shi a rubuce, sun ƙayyade masa lokaci, mako 8 a kaka ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, mako 3 ga wanda ya haura, sun kuma hana a nemi kuɗi ko a karɓa saboda gwaji. Cikin masu zuwa wurina da wuya ka samu wanda ya taɓa jin wannan. Ina zai ji? Takardun na can cikin yaren lauyoyi. Ku fassara su zuwa harsunan da mutane ke ji, ku liƙa a bakin kowane fili, ku sa a faɗa a rediyo kafin sharhin wasa. Jimla ɗaya ma ta isa: kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗin gwaji. Sannan ku da kanku ku riƙa shirya gwaji na manya, ko da sau biyu ne a shekara, kyauta, wanda za a riƙe mutum kwana da kwanaki ana kallonsa a atisaye da a wasa. Vardy ya kafa irin wannan a 2016, makarantar V9, don 'yan ƙananan rukunoni su samu mako guda a gaban masu farauta. Abin da ɗan wasa ɗaya ya yi bai kamata ya gagari hukuma ba.

Kada kuma ku ɗauka duk wanda ya zo a makare sakaci ya yi. Da yawa ku kuka kore su tun farko. Ana raba yara ne bisa shekarar haihuwa, a yanke layi a rana ɗaya: 1 ga Janairu a gasannin ƙasa da ƙasa, 1 ga Satumba a Ingila. Wanda aka haifa kwana kaɗan bayan layin ya girmi wanda aka haifa dab da rufewarsa da kusan shekara guda, kuma a shekara 11 ko 12 wannan tazara a jiki take fitowa, a tsawo da gudu da faɗin kafaɗa. Koci na neman cin wasan ƙarshen mako, sai ya ɗauki babban. An daɗe da gano cewa waɗanda aka haifa a farkon shekarar zaɓe sun fi yawa nesa ba kusa ba a makarantun horo. Shi kansa Vardy ƙanƙantar jiki ce ta sa aka sallame shi. Ƙaramin yaro ya koma gida yana ganin bai iya ba, alhali girma ne bai zo masa ba tukuna. Yana 19 jiki ya buɗe, sha'awa ta motsa, ya dawo ya tarar wai ya makara. Bakin da ya ce masa ya yi ƙanƙanta jiya, shi ne ke ce masa ya tsufa yau.

Mata kuwa da yawansu a makare suka zo, ba kuma da son ransu ba. Hukumar ƙwallon Ingila ta hana su filayenta daga 1921 har 1971, Brazil ta haramta musu wasan da doka daga 1941 zuwa 1979, Kofin Duniya nasu bai fara ba sai 1991. Mai shekara 25 da ta zo yau tana son koyo, jinkirin ba daga wurinta yake ba.

Na daɗe a kan masu burin zama ƙwararru, amma ba su ne suka fi yawa ba. Mafi yawan masu zuwa wurina ba ruwansu da kwantiragi. Ma'aikaci ne da ya gaji da zama, ko uba da ya kai ɗansa atisaye ya ji shi ma ƙafarsa na ƙaiƙayi, ko wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Abin da suke so kaɗan ne: riga mai lamba, wasa ranar hutu, da sunansu a takardar alƙali. A dokar FIFA, duk wanda ba shi da rubutaccen kwantiragi da ke biyan sa fiye da abin da yake kashewa ɗan dagaji ne, wato kusan duk masu buga ƙwallo a duniya. Su ke sayen tikiti, su ke kai yara fili, cikinsu ake samun alƙalan wasa da kociyoyin gobe. Ku duba kasafinku ku ga nawa ke zuwa gare su. Ko a inda ake da gasar 'yan dagaji, sabon shiga ba ya samun wuri, domin ƙungiyoyin cike suke da waɗanda suka yi shekara da shekaru suna bugawa. Zai zo atisaye, ya yi kuskure a daka masa tsawa, wani ya yi masa dariya, ya shafe wata guda a benci, shi ke nan ba za a sake ganin ƙeyarsa ba. Ana buƙatar rukuni na sababbin shiga zalla, manya da manya, inda ba abin kunya ba ne a tsayar da wasa a koya wa magidanci yadda ake jifa daga gefe ba tare da ɗaga ƙafa ba. Gemu ai ba ya hana ilimi. Wasan mutum biyar-biyar ko bakwai-bakwai a ƙaramin fili ya fi musu amfani da farko, don a can mutum zai yi ta taɓa ƙwallo, kuma dole ya koyi ɗaga kai ko a ƙwace.

Ku kuma 'yan'uwana kociyoyi, jikin babba da bai saba ba ba a yi masa gaggawa. Zuciya na so, tsoka da jijiya ba su shirya ba, shi ya sa ciwon bayan cinya da na matse-matsi da targaɗen idon sawu ke kama su a watannin farko. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, tun 2006 yake, minti 20 ne, ba ya buƙatar wasu kayan aiki, kuma binciken da aka yi a Norway aka wallafa a 2008 ya nuna yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kyauta yake, amma a mafi yawan filaye zagaye biyu ake yi, a ɗan miƙe ƙafa, a hau wasa. Sannan ku riƙa faɗa musu gaskiya, amma bayan kun gani da ido. Kocin da ya kalli mutum wata uku ya ce, "Malam, matakinka ke nan, a nan za ka ji daɗin ƙwallo, kada ka bar aikinka," ba ɗaya yake da wanda ya tambayi shekaru tun a bakin ƙofa ya ce a gwada wani wurin ba. Na farkon ya taimake shi, ya kuma tsare shi daga 'yan damfara, don wanda ya san matsayinsa da wuya a yi masa daɗin baki a karɓe masa kuɗi.

Ranku ya daɗe, na san za a ce babu kuɗi, babu filaye. Filayen makarantu da na hukuma nawa ne ke zaune a kulle da yamma da ranakun hutu? Sababbin alƙalan wasa masu neman gogewa suna nan, su ma wasan suke nema. Abin da ya rage aikin ofis ne, kuma shi ne naku: rajista mai sauƙi da arha wadda ba ta tambayar mutum makarantar horon da ya fito, katin ɗan wasa mai ɗauke da shekarunsa na gaskiya, jadawalin da ba a sauya shi ana gobe wasa, sakamako da sunayen masu cin ƙwallo a rubuce inda kowa zai gani. Sai alkawarin cewa ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukunin ƙarshe za ta hau na gaba ko da ba ta da ubangida. In za a sayar da gurbinta ga mai kuɗi a bar waɗanda suka zubar da gumi, gara ma kada a fara.

Sabuwar kaka na tafe. Ina roƙon duk hukumar da wannan wasiƙa ta isa gare ta da ta sa maganar rukunin manya sababbin shiga cikin ajandar taronta na gaba, ta kuma gayyaci kociyoyin 'yan dagaji su zauna a taron, don su ke da sunayen mutanen. Nawa suna nan a rubuce, kowa da shekarunsa na gaskiya, duk ranar da kuka ce a kawo zan kawo.

Wassalam, ku huta lafiya.

Naku,
Kocin wata ƙungiyar 'yan dagaji